Ƙurar Zinariya da Ƙirjin Yaran Zamfara

Duk wanda ya tashi ba da labarin haƙar zinariya a Zamfara, daga shekarar 2010 yake ɗauko shi, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yana da hujja, domin masana sun sa wannan annoba a sahun gaba cikin mafi munin gubar dalma da duniya ta gani a wannan zamani. Sai dai dutsen da aka yi ta niƙawa a tsakar gidajen Dareta da 'Yargalma da Bagega, ba dalma ce ta fi yawa a cikinsa ba. Akasarin jikinsa ƙanƙara ce, farin dutsen nan mai ƙyalli da zinariya ke laɓewa a ciki, wanda idan aka mayar da shi gari yake zama ƙurar da masana ke kira silika. Dalma tana kayar da yaro cikin makonni, shi ya sa aka gan ta, aka kira ta da sunanta, aka kawo mata magani daga nesa. Ƙurar ƙanƙara kuwa a hankali take aikinta, shekara da shekaru, kuma ranar da ta bayyana a hoton ƙirji akwai sunan da ke jiranta a bakin kowa tun kafin a yi gwaji, wato tarin fuka. Abin da nake son kafawa shi ne, sana'ar zinariya a wannan yanki ta canza kama a cikin ƙarni guda, ta tashi daga bakin rafi ta shigo tsakar gida, ta bar ruwa ta koma busasshen niƙa, kuma wannan sauyi ya ba Zamfara nata dalilin tabon huhu wanda ba tarin fuka ba. Likitan da ke karanta ƙirjin yaro a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, in bai san wannan tarihi ba, da rabin bayani yake aiki.

Sai mu fara da shi kansa tabon. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a Jamus a 1895, likitoci ke iya leƙa ƙirjin mai rai. Idan aka ɗaga hoton aka saita shi da haske, huhu lafiyayye baƙi yake fitowa domin iska ce cike da shi, haƙarƙari kuma ya fito fari. Wani lokaci sai a hangi ɗigo fari fat a tsakiyar baƙin, girman ƙwayar gero ko na wake, ko kuma a kaluluwar da ke gindin huhu. Abin da ya faru shi ne, wani baƙon abu ya taɓa shiga wurin, jiki ya kasa fitar da shi, sai ya kewaye shi ya killace, naman tsakiyar ya mutu, sannan sinadarin kalsiyam, wanda da shi aka gina ƙashi, ya riƙa taruwa a wurin cikin watanni ko shekaru har ya taurare. Tabon shaida ne cewa an taɓa gwabzawa a nan, amma ba ya faɗin da wa aka gwabza. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, ita ce ta fi yawan barin irin wannan alama a ƙasashenmu. Amma ƙarambau idan ya sauka a huhu yakan bar ɗige-ɗige birjik bayan an warke. Akwai wata ƙwayar cuta dangin fumfuna mai zama a ƙasar da ta sha kashin jemage ko na kaji, ita ma haka take yi. Akwai tsutsotsi. Akwai ciwon ƙoda mai tsanani, wanda ke birkita ma'aunin kalsiyam a jini har ya riƙa kwantawa a huhun da bai taɓa ciwo ba. Sannan akwai ƙurar dutse.

Tarihin likitanci ya nuna cewa raina waɗannan dalilai yana da tsada. A shekarun 1930 zuwa farkon 1940, a yankunan kogunan Ohio da Mississippi na Amurka, an yi ta ɗaukar hoton ƙirjin 'yan makaranta da matasa ana ganin fararen tabo masu yawa, ana rubuta musu tarin fuka, alhali gwajin fata yana nuna da yawansu ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba. Sai a 1945 Amos Christie da J. C. Peterson na Jami'ar Vanderbilt a Jihar Tennessee, da kuma Carroll Palmer da ya yi nasa binciken a kan ɗalibai masu koyon aikin jinya, suka nuna cewa mai laifin ita ce fumfunar nan da ake kira histoplasma, wadda Samuel Darling ya bayyana a Panama tun 1906 aka ɗauke ta cuta ce da ba safai ake gani ba. Daga baya aka same ta a ƙasar akurkin kaji, aka kuma tarar da masu ɗauke da ita kwance a asibitocin tarin fuka. A nan gida ma an ga makamancin haka. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Farfesa Chukwuedu Nwokolo ya ba da rahoton mutane da yawa a gabashin Najeriya masu tari da jini, waɗanda ba tarin fuka ke damunsu ba, tsutsar huhu ce da suka ɗauka daga ƙaguwar da yunwar yaƙi ta sa suka ci ba ta dahu ba. Darasin duka biyun ɗaya ne. Kowace ƙasa tana da nata dalili na biyu bayan tarin fuka, kuma ana samunsa ne a cikin ƙasar da mutane ke takawa, da abincin da suke ci, da sana'ar da ke ciyar da su.

Namu dalilin na biyu a ƙasar Hausa ya girmi injin niƙa. Kafin inji ya shigo, da wuya ka shiga gidan da babu dutsen niƙa da ɗansa a wani lungu, kuma wasu mutane ne ke sassaƙo waɗannan duwatsu. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka wallafa wani bincike a mujallar likitoci ta Thorax a kan masu sassaƙar dutsen niƙa a wasu ƙauyuka kusa da Kano, inda ake haƙo dutsen yashi ana kai shi sassa da dama na Najeriya. Sun ɗauki hoton ƙirjin masassaƙa 126 daga ƙauyuka biyu ba tare da sun zaɓi marasa lafiya ba. Mutum 49 daga ciki aka ga alamar ciwon ƙurar dutse, wato silikosis, a huhunsu, 17 kuma cutar ta riga ta yi nisa har huhun ya dunƙule ya taurare. Masu binciken da kansu sun yi mamakin yawan, domin a sararin Allah ake aikin, ba a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma da hannu ake yi. Sun kuma faɗi abin da har yau shi ne ƙashin bayan maganar, cewa ba za a ce wa mutanen da fari ya cinye gonakinsu su bar sana'ar da suka gada ba. Wannan bincike ya rushe zato biyu lokaci guda: cewa ciwon ƙurar dutse na manyan kamfanonin haƙo ne na ƙasashen waje, da cewa iskar waje tana kare mai fasa dutse. Guduma da kurfi sun isa, in dai dutsen mai ƙanƙara ne kuma a bushe ake aikinsa.

Ƙasar Zamfara ta gabas kuwa ƙasar dutse ce. Daga duwatsun Tsafe zuwa na Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu, tsaunukan da matafiyi ke gani daga kan titin Funtuwa zuwa Gusau suna da kaso mai yawa na ƙanƙara a jikinsu, sannan ta yamma, wajen Maru da Anka, akwai jijiyoyin farar ƙanƙara masu ɗauke da zinariya. Amma tsohon arzikin yankin a saman ƙasa yake. 'Yandoto, kusa da Tsafe, garin malamai ne da fatake har zuwa faɗuwarta a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, kuma Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta bunƙasa ne da noma da ciniki, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso ta a 1929 ya riƙa kwasar auduga da gyaɗa. Haƙar zinariya da aka rubuta a takardun gwamnati a Najeriya ta fara a 1913, ta kai ganiyarta a shekarun 1930, bayan da Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya zuwa dala 35 a 1934. Maru da Anka da Malele da Birnin Gwari duk sun ga wannan rububi, kafin yaƙin duniya na biyu ya karkatar da hankalin Turawa da lebura zuwa kuzar Jos. Abin lura a nan shi ne yadda ake aikin. Galibin zinariyar wancan zamani daga yashin rafi da tsakuwar bakin kwari ake samunta. Mutum ya ɗebo yashi a ƙwarya ko kwano, ya tsuguna a bakin ruwa yana jujjuyawa, mara nauyi ya bi ruwa, mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Aiki ne mai karya baya, amma jiƙaƙƙe ne, kuma nesa da ɗakin da jariri ke kwance.

Sauyin ya zo ne da farashi. A 2001 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba, a 2008 ta haura dala 1,000. Zinariyar rafi ba ta isa wannan kasuwa ba, sai mahaƙa suka bi ta cikin uwar dutse, suna nutsa rijiyoyi suna fasa jijiyoyin ƙanƙara suna ɗauko su a buhuna. Dutse ba ya sakin zinariya sai ya zama gari, kuma na'urar mayar da abu gari tana nan a kowane ƙauye, wato injin niƙan hatsi. Haka injin gero da dawa ya koma niƙa dutse. Ana kawo buhunan cikin gari a kan babur, domin a gida kaya ya fi tsaro daga ɓarawo, kuma a gida ne matan kulle za su iya sa hannu su samu nasu rabo. Sai mace ta zauna da guduma tana farfasa dutsen ya koma tsakuwa, wata tana daka a turmin da ake surfe, goyo a bayanta yana shaƙar abin da ke tashi daga bakin turmin. Idan inji ya kama, farar ƙura takan turnuƙe wurin, ta kwanta a gira da gashin mai niƙa, ta bi iska ta sauka a kan randa da shanyar hatsi da tabarmar yara. Bayan an wanke garin an kama zinariyar da zaiba, ragowar a tsakar gida ake shanya ta don a sake niƙawa, yara masu rarrafe suna wasa a kai. A cikin 'yan shekaru, sana'ar da take ta maza a bakin rafi ta zama ta gida gaba ɗaya, kuma mafi kusa da ƙasa, wato ƙaramin yaro, shi ya fi kowa samun rabonsa na ƙurar.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka tarar da ƙauyuka cike da sababbin kaburburan yara. Mazauna sun ce agwagi ne suka fara mutuwa. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, akasarinsu bayan jijjiga. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce. Aka hana niƙa a cikin gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara maganin da ke zuƙe dalma daga jini. Bagega sai a 2013 aka share ta, bayan matsin lambar masu fafutuka ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Duk wannan aiki ne na ceton rai, kuma ya ceci rayuka. Sai dai a 2013 ɗin, masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Geoffrey Plumlee, da suka auna duwatsu da ƙurar Zamfara, sun yi gargaɗin cewa ban da dalma akwai zaiba da wasu ƙarafa, akwai kuma silika, kuma kowannensu barazana ce mai zaman kanta. Gwajin jini yana kama dalma. Silika ba ta fitowa a jini, kuma babu maganin da ke cire ta daga huhu. Saboda haka ba ta shiga lissafin waɗanda suka jikkata ba.

Yadda take aiki shi ya sa take saurin ɓuya a bayan tarin fuka. Ƙurar da ido ke gani hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Wadda ke kisa ita ce wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, mai wucewa har ƙarshen huhu. A can akwai ƙwayoyin jiki masu haɗiye duk wani baƙo, sai su haɗiye ta, ta kashe su, wasu su zo su haɗiye ta kashe su, wurin ya riƙa zama tabo a kan tabo, ko da mutum ya daɗe da barin ƙurar. Da tafiya ta yi nisa sai ƙulle-ƙulle su bayyana a saman huhu, daidai inda tarin fuka ya fi son zama, wasu su taurare da kalsiyam, kaluluwar gindin huhu kuma wani lokaci ta yi farin zobe a gefenta. Ga tari, ga haki, ga rama. Kuma ƙwayoyin da silika ke kashewa su ne dai dakarun da ke tsare ƙwayar tarin fuka, shi ya sa mai silikosis ya ninka sauran mutane sau uku zuwa huɗu wajen haɗarin kamuwa da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Afirka ta Kudu ta koyi wannan da gawawwaki. Bayan gano zinariyar Johannesburg a 1886, na'urorin huda dutse a bushe suka riƙa kashe mahaƙa da ƙuruciyarsu, har aka kafa kwamitin bincike a 1902, kuma a wannan birni aka yi babban taron duniya na farko kan silikosis a 1930. Duk da haka an shafe shekaru ana sallamar baƙaƙen lebura zuwa ƙauyukansu da sunan tarin fuka kawai, sai a 2019 kotu ta amince da diyyar rand biliyan 5 ga tsofaffin mahaƙa da magadansu.

Za a ce, kuma masu aikin yaƙi da tarin fuka ne za su fara faɗa, cewa wannan magana tana da haɗari. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, yara da yawa suna mutuwa da shi ba a gano ba, maganinsa kyauta ne kuma yana warkarwa cikin wata shida. Idan aka cusa wa iyaye shakka, wani uba zai ce ai ƙura ce, ya ƙi kai ɗansa gwaji. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ban ga wata hujja da za ta sa a jinkirta gwajin tarin fuka ga yaro mai tari fiye da mako biyu, ko mai zazzaɓi da rama, ko wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai cutar ba. Shi ne na farko a zargi, kuma ya kamata ya ci gaba da zama na farko. Amma a duba yadda ake gano shi a jikin yara. Ƙaramin yaro ba ya iya kawo kaki, kuma ko ya kawo ƙwayar ba ta da yawa a ciki, saboda haka likita ya fi dogara da hoto da labarin da iyaye suka bayar. Inda hoto da labari ke yanke hukunci, labarin da aka tsallake yana iya karkatar da hukuncin. Farin tabo shi kaɗai, a yaron da ke ci yana wasa yana ƙara nauyi, ba shaidar cuta mai ci yanzu ba ce. Wanda kuma ya gama magani bai samu sauƙi ba, aka sake ɗora shi a kan wani zagaye ba tare da an tambayi inda ya girma ba, an ɓata masa lokaci, an kuma bar wa gidansu tsangwamar da sunan tarin fuka ke jawowa. Ambaton ƙura ƙarin makami ne a hannun masu yaƙi da tarin fuka, domin yana nuna musu gidajen da cutar za ta fi yi wa dirar mikiya.

Wani zai ce silikosis ciwon dattawan mahaƙa ne, yana ɗaukar shekara goma zuwa ashirin, to me ya haɗa shi da yara? Gaskiya ne cewa ba kasafai ƙura ke taurara tabo a huhun ɗan shekara biyar ba, kuma a wannan shekaru dalilan da suka fi kusa su ne tarin fuka da fumfuna da ƙarambau. Amma tsawon lokacin ya danganta ne da yawan abin da aka shaƙa. A farkon shekarun 1930, ɗaruruwan lebura da suka huda ramin Hawks Nest a Amurka cikin dutsen da kusan duk silika ne sun mutu cikin 'yan shekaru kaɗan. A Turkiyya samari da ke fesa yashi a kan wandon jins don ya koɗe sun kamu tun suna shekara goma sha zuwa ashirin da wani abu, har gwamnati ta haramta aikin a 2009. Mafi kama da namu shi ne garin Khambhat na Indiya, inda ake goge duwatsun ado a cikin gidaje, aka kuma sami cutar a jikin mata da yaran da ba su taɓa riƙe dutsen ba. Sannan a tuna cewa huhun yaro bai gama ginuwa ba, kuma yana shaƙar iska fiye da babba idan aka auna da nauyin jikinsa. Yaron da ke rarrafe a Dareta a 2009 yanzu saurayi ne, kuma da yawa daga tsararrakinsa sun riga sun shiga rami ko sun tsaya a bakin inji. Agogon da ke fara bugawa ga mahaƙin Johannesburg yana ɗan ashirin, ga ɗan Zamfara tun yana goye ya fara.

Akwai kuma mai cewa ai mu da ƙura tare muka tashi. Kowace shekara hunturu yana lulluɓe mu da hazo daga Sahara, kakanninmu mata sun ƙare rayuwarsu a kan dutsen niƙa, ba a ji sun ƙare ba. Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, ba duk ƙura ce ɗaya ba. Ƙwayar yashin da iska ta shafe shekaru dubbai tana gogawa ta riga ta dushe, amma ƙanƙarar da aka fasa yanzu sabuwar fuskarta tana da kaifin da ke ƙona naman huhu, kuma gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa ta fi tsohuwa guba. Yawan abin da ke tashi a bakin injin dutse kuma ya yi wa hazon hunturu fintinkau. Ta biyu, ita ma tsohuwar ƙurar ba ta wuce salin-alin ba. Tun a 1952 likitocin Faransa suka ga silika kwance a huhun mazauna Sahara, kuma a 1967 aka bayyana tabon huhu a jikin matan Transkei na Afirka ta Kudu masu niƙa masara a kan dutse cikin ɗakuna masu hayaƙi. Rashin jin labari ba ya nufin ba a yi ciwon ba. Kafin hoton ƙirji ya iso karkara, tsohuwar da haki ya kashe sai dai a ce fuka ce ko tsufa.

Saura maganar da hukuma ta fi so, wato a hana haƙar baki ɗaya. An gwada. Bayan da sana'ar ta cakuɗe da ta'addancin 'yan bindiga, har aka kashe mahaƙa fiye da talatin a Bindim ta ƙasar Maru a watan Nuwamban 2016, gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disamban 2024. Ramukan ba su rufe ba. Abin da haramcin ya yi shi ne ya tura aikin inda ma'aikacin lafiya ba ya iya zuwa, ya kuma ba mahaƙi dalilin ɓoye sana'arsa idan ya je asibiti. A watan Afrilun 2025 aka sake samun rahoton gubar dalma, wannan karon a Ƙaramar Hukumar Bungudu, a ƙofar Gusau, kuma duk inda dalmar niƙa ta isa, silika ta riga ta isa. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa saboda tsoro ba zai bar dutsen da ke ciyar da shi ba, kamar yadda masassaƙan Kano ba su bar nasu ba a shekarun fari. Abin da ya taɓa rage cutar a tarihi shi ne ruwa. Da shi Afirka ta Kudu ta rage mutuwar masu huda dutse a farkon ƙarni na 20. A arewacin Najeriya ma, wani gwaji da ƙungiyar Occupational Knowledge International ta yi tare da MSF, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa a wurin fasawa da niƙa ya rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100, silika kuma da kashi 80. Wato maganin yana kusa da yadda mahaƙan shekarun 1930 ke aiki a bakin rafi.

Abin da wannan tarihi ke nema daga gare mu bai fi ƙarfinmu ba. A Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da asibitocin Tsafe da Bungudu, duk yaro ko matashin da ya zo da tari a yi masa gwajin tarin fuka, sannan a ƙara tambayoyin da ba sa cin ko kwabo: an taɓa niƙa dutse a gidanku, kana zuwa wurin fasa tsakuwa, kai ke share akurki ko ɗakin da jemagu ke kwana, ka taɓa yin ƙarambau mai tsanani, ka taɓa shan maganin dalma? A rubuta amsar a kati, kuma a tabbatar wa uba cewa faɗin gaskiya ba zai kai shi hannun hukuma ba. Shirin MSF, wanda aka miƙa wa gwamnatin jiha a 2022, ya auna jinin yara sama da 8,000, kuma waɗannan su ne ya kamata a fara bibiya da hoton ƙirji da gwajin ƙoda, tunda dalma tana lalata ƙoda ita ma. Sarakuna da hakimai da suka fitar da injina daga cikin gari a 2010 suna da ikon sa sharaɗi na biyu, cewa kada inji ya taɓa dutse sai da ruwa, kada kuma yaro ya tsaya a bakinsa. Amurka ta gano kuskurenta ne da wasu likitoci suka tsaya tambayar me ya sa gwaji da hoto suka saɓa, Afirka ta Kudu kuma ta jira fiye da shekara ɗari kafin a kai ga diyyar 2019. Zamfara tana da shaidar Kano ta 1975 da gargaɗin 2013 a hannunta, kuma yaran da abin ya shafa suna raye, ana iya samunsu. In aka bari sai sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya da sunan tarin fukan da ya ƙi jin magani, ba za mu iya cewa ba a gaya mana ba.